Jitar Stratocaster da Ratsawarta ta Ƙasar Hausa

Duk wanda ya ratsa Azuba ko cikin garin Lafiya da hantsin ranar Lahadi, ba zai rasa jin amon jita mai aiki da lantarki daga majami'u ba, sau da yawa ma da Hausa ake rera waƙar da take rakawa. Amma in muka koma ga waƙoƙin fina-finanmu da na biki, sai mu tarar da wuya a ji ta. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu bi sawun mafi shahara daga cikin irin waɗannan jitoci, watau Stratocaster, mu ga inda hanyarta ta gitta tamu.

A shekarar 1954 ne kamfanin Fender da ke garin Fullerton a jihar Kalifoniya ta Amurka ya fito da ita. Mai kamfanin, Leo Fender, asalinsa mai gyaran rediyo ne, kuma bai iya kaɗa jita ba. Wataƙila shi ya sa ya dube ta da idon makaniki. Gangar jikinta katako ne curarre marar rami, an ɗaure mata wuya da kusoshi huɗu yadda za a iya kwancewa a sauya in ya lalace, sa'an nan aka dasa maganaɗisu uku a ƙarƙashin tsarkiyoyinta shida, masu ɗaukar kaɗawar tsarkiya su miƙa wa lasifika. Buddy Holly ya fito da ita a talabijin a 1957, amma Jimi Hendrix ne ya kai ta ƙololuwa. Shi bahago ne, sai ya riƙa juya jitar 'yan dama yana kaɗawa, har ya banka wa guda wuta a gaban jama'a a Monterey a 1967.

To, ina ruwan Bahaushe da wannan? Amsar tana Sakkwato. A 2008 wani saurayi Buzu daga yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar, mai suna Mdou Moctar, ya sauka birnin Shehu ya ɗauki waƙoƙinsa na farko, waɗanda aka tara da sunan Anar. Shi ma bahago ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya harhaɗa ta da wayoyin birkin keke. Aikin situdiyon ya bi salon da aka saba da shi a waƙoƙin fina-finan Hausa, inda na'ura ke lanƙwasa murya tana buga ganga. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahara, har ɗaya ta faɗa cikin wani faifai da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya fitar a 2011. Daga nan ƙofa ta buɗe. Lokacin da ya fitar da Afrique Victime a 2021, da Stratocaster ta bahago yake hawa dandamali a Turai da Amurka, 'yan jarida suna kwatanta shi da Hendrix.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, mu ba baƙin tsarkiya ba ne. Muna da molo da garaya da gurmi da goge da kukuma, kuma Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya tak ya ja hankalin ƙasa baki ɗaya. A ganinmu, hannun da ya saba da garaya ba zai sha wuyar jita ba. Sai dai tun daga shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano, domin kuwa mutum guda kan zauna gabansa ya fitar da amon ganga da sarewa da algaita, ba tare da an biya ƙungiyar makaɗa ba. Araha ce ta yanke hukunci. Shi kuwa Mdou ya karɓi salon situdiyonmu na ɗan lokaci, ya koma Agadas da jitarsa.