Aikin tace rubutu: Abin da ya ƙunsa da wuraren da ake neman masu yin sa

Mai tace rubutu shi ne ma'aikacin da ke karɓar labari, ko rahoto, ko littafi daga hannun marubuci, ya bi shi jimla bayan jimla kafin a fitar wa jama'a. A gidajen jaridu ana kiran sa ƙaramin edita, ko da yake nauyin da ke kansa ya zarce sunan. Ba a buga sunansa a kan labari, kuma mai karatu ba ya tuna shi sai ranar da kuskure ya kuɓuce masa.

Aikinsa ya bambanta da na babban edita, wanda ke yanke shawarar labarin da za a bi da wanda za a ajiye. Ya kuma bambanta da na mai duba kurakuran ɗab'i, wanda ke zuwa a ƙarshe bayan an tsara shafi, yana farautar harafin da ya faɗi ko layin da aka maimaita. Mai tacewa yana tsakiya. Shi ke gyara nahawu da ƙa'idojin rubutu, ya tabbatar an rubuta sunan mutum da muƙaminsa daidai, ya lissafa alƙaluma ya ga ko sun haɗu, ya rage abin da ya yi tsawo, sau da yawa kuma shi ke rubuta kanun labari da bayanin hoto. A ƙananan gidajen labarai mutum ɗaya ne ke ɗaukar duka ukun, abin da ke bayyana yawan kurakuran da ake gani.

Abin da kuskure ke jawowa

A shekarar 2017 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba direbobin kamfanin madara na Oakhurst gaskiya a shari'ar kuɗin aikin bayan lokaci, saboda rashin waƙafi guda ɗaya a cikin dokar jihar Maine ya sa jimlar ta karɓi fassara biyu. A 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5. A 2019 kuma aka gano cewa Babban Bankin Ostireliya ya fitar da miliyoyin takardun dala 50 ɗauke da kalmar da harafi ɗaya ya faɗo daga cikinta.

A ɗakin labarai na Hausa haɗarin ya fi yawa a wajen fassara, domin yawancin sanarwar hukumomi da ta 'yan sanda da bayanan kotu da Turanci suke zuwa. Wanda aka kama ana zarginsa da sata bai zama ɓarawo ba sai kotu ta same shi da laifi. Gurfanar da mutum daban, tsare shi a gidan gyaran hali kafin shari'a daban, yanke masa hukunci daban. Haka dakatar da jami'i da korar sa da tsige shi, kalmomi uku ne masu hukunci uku. Idan ɗan rahoto ya cakuɗa su cikin gaggawa, mai tacewa kuma ya bar su suka wuce, to gidan jaridar ya buɗe wa kansa ƙofar ƙarar ɓata suna, shi kuma mutumin da aka ambata an zubar masa da mutunci a gaban iyalinsa da garinsu. Neman afuwa a ƙasan shafi bayan mako guda ba ya kai inda labarin farko ya kai. Labarin rikici ya fi wannan tsanani: ambaton ƙabila ko addinin waɗanda ake zargi ba tare da hujja ba, ko ƙara sifiri ɗaya a adadin waɗanda suka rasu, na iya haddasa ramuwa a wani gari mai nisa.

Ƙa'idojin Hausa, jarin mai wannan sana'a

Tace rubutun Hausa ba sabon aiki ba ne. Rupert East, wanda ya shugabanci Hukumar Talifi a Zariya, ya duba tare da gyara littattafan da suka yi nasara a gasar 1933, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kafin a buga su. A ƙarƙashin hukumar ne aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta na Hausa, sannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Daidaitacciyar Hausar da ake koyarwa a makarantu a yau ta ginu ne da yawa a kan teburan gyara na wancan gida.

Daga baya aka bi da tarurruka. An kafa Hukumar Hausa a 1955, UNESCO ta shirya taron Bamako a 1966, aka yi na Kano a 1972, sannan na Yamai a 1980 domin kusanto da rubutun Najeriya da na Nijar. Har yanzu akwai ɗan bambanci: Najeriya na rubuta 'ya'ya da alamar ɗauri, Nijar kuwa tana amfani da harafin ƴ mai lanƙwasa. Mai tacewa da ke yi wa masu karatu na ƙasashen biyu aiki dole ya san wanne gidan da ya ɗauke shi ya zaɓa.

Haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, su ne jarrabawar farko. Kafa ba ƙafa ba ce, baki ba baƙi ba ne, kasa ba ƙasa ba ce, kuma wanda ya karya abu ba lalle ne ya yi ƙarya ba. Shekarun da aka yi ana rubutu a kwamfuta da waya marasa waɗannan haruffa sun saba wa jama'a barin su, har wasu matasa ke ɗauka cewa ado ne. Yanzu uzurin ya ƙare, tunda allon rubutu na Hausa yana cikin kusan kowace waya.

Jarrabawa ta biyu ita ce rabawa da haɗa kalmomi, kuma a nan ne ƙwararrun 'yan jarida ma ke tuntuɓe. Ana haɗa yana da tana da suna, ana raba za a da ba a ba tare da alamar ɗauri ba. Wakilin suna na mallaka yana manne, kamar gidansa da motarta, na karɓau kuwa yana ware, kamar ya kama shi. Da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kalma ɗaya kamar mata na iya nufin matar aure, ko jam'in mace, ko “gare ta”. Aikin mai tacewa ne ya sake gina jimlar yadda mai karatu ba zai tsaya yana laluben ma'ana ba. Akwai kuma batun karin harshe. Ɗan rahoto daga Sakkwato ko Katsina yakan shigo da kalmomin garinsu, waɗanda ba kuskure ba ne, sai dai labarin da za a karanta daga Legas zuwa Maiduguri yana bukatar Hausar da kowa ya yi tarayya a kai. Editan kirki yakan bar karin mai magana yadda yake a cikin zance kai tsaye, ya daidaita sauran.

Kayan aikin ba su da yawa: Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006, ƙamusun Bargery na 1934 wanda har yau babu kamarsa wajen tsofaffin kalmomi, da ƙamusun Turanci zuwa Hausa na Roxana Ma Newman na 1990. Mai tace Turanci kuma yana bukatar sanin littattafan salo irin na kamfanin dillancin labarai na AP da na Jami'ar Chicago, da kundin salon gidan da yake yi wa aiki.

Inda ayyukan suke

Tsohuwar kujerar ƙaramin edita a gidan jarida tana raguwa a duniya. A 2017 jaridar New York Times ta rushe teburinta na masu tacewa, ta umarci ma'aikatansa fiye da ɗari su sake neman gurabe da ba su wuce kusan rabin adadinsu ba, har ma'aikatan gidan suka fita zanga-zanga. Jaridun Najeriya ma suna fama da tsadar takarda da raguwar talla, kuma teburin gyara na cikin wuraren da ake fara ragewa. Sai dai aikin bai mutu ba, warwatsuwa ya yi.

Kafafen labarai na Hausa sun fi na kowane lokaci yawa. Akwai jaridu irin su Aminiya da Leadership Hausa, da shafukan intanet irin su Premium Times Hausa, da sassan Hausa na BBC da DW da RFI da TRT Afrika, ga gidajen rediyo da talabijin na gwamnati da masu zaman kansu, waɗanda yanzu yawancinsu ke wallafa labarai a rubuce. Gidan rediyon da a da mai gabatarwa kaɗai ke ganin takardar labaransa, yau dubban mutane ke karanta rubutunsa a Facebook. Irin waɗannan gidaje ba kasafai suke tallata gurbi da sunan mai tacewa ba. Sukan nemi editan shafin intanet ko ɗan jarida mai iya harsuna biyu, amma idan aka duba aikin, rabinsa tacewa ne.

Kamfanonin buga littattafai su ne gida na biyu. Ibadan ce cibiyarsu ta tarihi, inda University Press da HEBN da Evans da Spectrum suke, ga Learn Africa a Legas, da Cassava Republic a Abuja, da kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966, da maɗaba'un jami'o'i. Littattafan makaranta ne ke riƙe da wannan kasuwa, kuma tunda ana rubuta jarrabawar Hausa a WAEC da NECO da JAMB, bukatar littafin da aka tace da kyau ba ta yankewa. Babban giɓin yana wajen marubuta masu buga wa kansu. Tun bunƙasar adabin kasuwar Kano a shekarun 1980 masana ke kukan rashin bin ƙa'ida a waɗannan littattafai, yanzu kuma labaran sun koma waya, inda babu mai dubawa ko ɗaya. Marubucin da ke son shiga gasa irin Hikayata ta BBC, ko ya kai littafinsa makarantu, yana bukatar edita, ko da bai saba biyan kuɗinsa ba.

Gwamnati ma tana ɗauka. Majalisar Dokoki ta Ƙasa da majalisun jihohi suna da sashen da ke rubuta muhawara yana tacewa, ma'aikatu da hukumomi kuma suna da sassan yaɗa labarai da ke fitar da rahotanni da jawabai. Ƙungiyoyin agaji da na lafiya suna buga saƙonni da Hausa kan rigakafi da abinci mai gina jiki, inda kuskuren adadin magani ke iya zama sanadin rai. Ƙungiyar Translators without Borders ta yi irin wannan aiki da Hausa da Kanuri a Maiduguri. Sai masu shirya finafinai, waɗanda fassarar da ke bin ƙasan allo ta daɗe tana jawo musu dariya.

Sabon fagen shi ne na kamfanonin fasaha. Tun da Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, ake neman masu duba abin da na'ura ta fassara su gyara. Na'urar tana da sauri, tana kuma iya kama kuskuren harafi, amma takan sa wa mace wakilin sunan namiji, takan fassara karin magana kalma da kalma, kuma ba ta san cewa a al'adar Bahaushe ana cewa mutum ya rasu ba. Ana biyan irin wannan aiki a kan adadin kalmomi ko sa'o'i, sau da yawa da dala, ta dandamali irin su Upwork.

Yadda ake shiga

Babu lasisin da doka ta gindaya. Galibin masu aikin sun karanta Hausa, ko Turanci, ko kimiyyar harshe, ko aikin jarida, a jami'o'i irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri, ko a Cibiyar Koyon Aikin Jarida ta Najeriya da ke Ogba a Legas. Wanda ya karanta lauya ko likitanci ko tattalin arziki kuma yake da harshe, yana da fifiko wajen rubuce-rubucen fanninsa. Ƙungiyar editoci ta CIEP a Ingila da ta ACES a Amurka suna ba da kwasa-kwasai ta intanet ga mai son tace Turanci.

Amma masu ɗaukar aiki sun fi dogara ga gwaji fiye da takardar shaida. Akan miƙa wa mai nema labari cike da kurakurai, a ba shi ɗan lokaci, a ga abin da ya kama da abin da ya ɓata. Yawan gyara aibi ne kamar ƙarancinsa: wanda ya mayar da salon marubuci irin nasa, ko ya taɓa maganar da aka ɗauko daga bakin mutum, ya faɗi. Saboda haka mai sha'awa yakan fara da tara samfurin aikinsa, kafin gyara da bayan gyara, daga mujallar makaranta, ko lokacin hidimar ƙasa, ko gyaran maƙalolin Wikipedia ta Hausa. Dole kuma ya iya tsarin nuna gyara na Microsoft Word da Google Docs, da ɗora labari a WordPress.

A gidan jarida, ƙaramin edita yakan hau zuwa shugaban teburin tacewa, ko editan tsara shafuka, ko editan labarai. Aiki ne na yamma da dare, domin labari ba ya zuwa teburinsa sai kowa ya gama nasa. Mai zaman kansa kuwa ba shi da albashin wata, don haka yakan rubuta yarjejeniya tun farko kan adadin kalmomi, da zurfin gyaran da ake so, da ranar miƙawa, ya karɓi wani kaso kafin ya fara. Kundin digiri na ɗalibai na kawo ciniki sosai a ƙarshen zangon karatu, sai dai iyakar editan ita ce harshe da tsari. Da zarar ya shiga rubuta wa ɗalibi babi ko ƙirƙira masa sakamakon bincike, ya fita daga tacewa ya shiga maguɗi, kuma jami'a na iya soke digirin idan abin ya bayyana.