Littafin maigidana da lambar bayan .so

Satin da zan miƙa makullan ɗakin saba, wani yaro da muka ɗauka bara ya tare ni a bakin ƙofa. An ɗaga injinsa zuwa Ubuntu 22.04, tsohuwar manhajarsa ta ƙi tashi, tana neman libssl.so.1.1. Ya ce, "Baba, na ƙulla mata sunan zuwa libssl.so.3, amma har yanzu faɗuwa take." Raina ya sosu. Shekara guda yana zaune kusa da ni, bai taɓa jin cewa lambar nan ta bayan .so alkawari ce ba.

Ni a wajen maigidana Malam na ji, Allah ya jiƙansa, a 1998. Red Hat 5.0 ta bar libc5 ta koma glibc 2, duk abin da aka gina kan tsohuwar ya zama maraya. Ko mai loda su ma daban ne, ld-linux.so.1 da ld-linux.so.2. Layin tarho ba ya iya sauko mana da komai a lokacin, sai faifan CD da wani ya riƙo daga tafiya. Saboda haka Malam bai taɓa yar da tsohon faifai ba.

Ƙa'idarsa ita ce, kafin a taɓa babbar manhaja, sai an bi kowace manhajar da ofis ya dogara da ita da ldd, an rubuta abin da take jingina da shi a wani littafi mai baƙin bango. Da biro, da kwanan wata. Sannan a kwafe laburaren nata a jakarta ita kaɗai, a yi mata ɗan rubutun tashi mai LD_LIBRARY_PATH. Ranar da na sa wannan layi ya game dukkan injin don in huta, bai yi faɗa ba. Ya dai zaunar da ni har bayan isha'i ina gano dalilin da ya sa wasu manhajojin da ba ruwansu suka rikice.

Littafin nan ya cece ni a 2003, Malam ba ya nan. Red Hat 9 ta zo da NPTL, tsohuwar Java ta tsaya cik, janareto na ta shan mai. Wani shafin littafin ya nuna mini inda zan duba, LD_ASSUME_KERNEL ya ƙarasa aikin. Haka muka sha da libstdc++.so.5 daga baya.

Yanzu da an yi magana sai a ce a jefa manhajar cikin Docker. To, ai jakar Malam ce aka yi wa sabon suna. Shi dai ya san abin da ke cikin tasa, fayil bayan fayil. OpenSSL 1.1.1 kuwa, mai libssl.so.1.1 ɗin nan, tun Satumban 2023 masu ita suka daina yi mata gyaran tsaro na kyauta, amma tana nan kwance cikin kwantenonin Docker ba mai leƙawa.

Na sa yaron ya goge ƙullin da ya yi, ya buga ldd a gabana. Littafin yana hannunsa yanzu, da sauran shafuka a ƙarshensa da ba a rubuta komai ba.