Gani Odutokun: Mai zanen Zariya da ya yi wa mulkin soja shaguɓe da fenti

Gani Odutokun (1946–1995) mai zane ne kuma malami a Sashen Zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ana lissafa shi cikin fitattun masu zanen Najeriya na ƙarshen ƙarni na 20, musamman a salon da ba ya kwaikwayon siffar abubuwa kamar yadda ido ke ganinsu, inda launi da layi kaɗai ke ɗauke da saƙo.

An haife shi a garin Nsawam na ƙasar Gana, iyayensa kuwa Yarabawa ne 'yan asalin Offa da ke Jihar Kwara ta yanzu. A Zariya ya yi digirinsa na farko a 1975, ya yi na biyu a 1979, kuma a nan ya koyar har ƙarshen rayuwarsa.

Abin da ya fi shahara da shi shi ne tsinka fenti ya yi ruwa-ruwa, ya zuba a kan ƙyallen zane, ya bar shi ya kwarara yadda ya ga dama, sannan ya bi sawunsa ya fitar da siffa. A ganinsa haka rayuwa take: wani abu tsautsayi ne ke kawo shi, wani kuma mutum ne ke tsara shi. Wannan salo ba baƙo ba ne ga idon Bahaushe, wanda ya saba da dagi a bangon gidajen birnin Zazzau da aska takwas a ƙirjin babbar riga, waɗanda ba hoton kowa ba ne amma kowa ya san suna magana.

Sai dai Odutokun bai fake da launi ya guje wa zamaninsa ba. A shekarun da sojoji ke riƙe da ƙasa, lokacin da ake rufe jaridu ana tsare 'yan jarida, ya yi jerin zane a kan wani sarki. Mafi shahara a ciki shi ne wanda ke nuna sarkin yana raha da janar-janar ɗinsa. Bai ambaci sunan kowa ba, kuma babu wanda ya buƙaci a gaya masa da wa ake. A wani zanen na 1991 ya haɗa Mona Lisa da sassaƙen Afirka suna zance, yana tambayar wa ke da ikon yanke wa fasahar wani hukunci.

Ya rasu a haɗarin mota a Fabrairun 1995, a hanyarsa ta komawa Zariya daga wani baje kolin zane a Legas. A 2000 an baje ayyukansa tare da na waɗanda suka tasirantu da shi a zauren Brunei na makarantar SOAS da ke Landan. Cikin waɗanda suka ci gaba da raya sunansa a Zariya akwai Farfesa Jerry Buhari.