Ahmed Musa: Shekarar Kano Pillars Da Ba Mu Rubuta Ba

Da yawa daga cikinmu nan Isa da Sabon Birni a gidan kallo muka fara sanin Ahmed Musa, ranar 25 ga Yuni, 2014, lokacin da ya jefa wa Ajantina ƙwallo biyu a Gasar Cin Kofin Duniya. An ci mu 3-2, amma da muka fito sai ka rantse mu muka yi nasara. Kafin shi babu ɗan Najeriyar da ya taɓa cin biyu a wasa ɗaya a gasar. Ya sake yi wa Iceland haka a 2018.

Wannan kowa ya haddace. Abin da ke damunmu shi ne farkon labarin.

A Jos aka haife shi, ranar 14 ga Oktoba, 1992. A kakar 2009/2010 ya buga wa Kano Pillars, yaro ɗan shekara 17, ya ci ƙwallo 18, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a gasar lig ta ƙasa sai da Jude Aneke ya wuce shi a 2011. Ƙungiyar VVV-Venlo ta Holand ta saye shi, amma dole ta jira ya cika 18, domin dokar FIFA ta hana kai yaro ƙetare kafin nan. To ku gwada neman bayanin waɗannan ƙwallaye 18 da Hausa: wa ya ba shi, a wane fili, me 'yan kallo suka ce a filin Sani Abacha? Ƙwallayen Ajantina suna cikin wayar kowa. Na Kano kuwa sai a bakin waɗanda suka je, su kuma tsufa suke yi.

Sauran tafiyar a taƙaice: CSKA Mosko a 2012, Leicester a 2016 inda, mu faɗi gaskiya, bai taɓuka abin kirki ba har aka mayar da shi Mosko aro, sai Al-Nassr ta Saudiyya. A 2021 ya dawo Pillars.

Haka 'yan kokawarmu na Gobir suke. Makaɗa sun riƙe kirarinsu, amma shekarar da suka yi kaye da garin da aka yi ba mu ajiye a takarda ba. Yanzu ga rashin tsaro ya watsa dattawan ƙauyuka, wasu suna Sakkwato, wasu sun tsallaka Maradi. Wanda ke da tsohon ɗan kokawa a gidansu, ya ɗauki muryarsa a waya wannan makon, ya tambaye shi shekaru da sunayen garuruwa, ya kawo mana nan.