Goro Ya Hau, Ƙaro Ya Sauko: Tarihin Allo, Tawada da Takarda a Sabon Ibadan

Daminar bara, bayan sadakar bakwai ta wani dattijon alaramma a unguwar nan, magada suka kira mu mu tsaya a buɗe adakarsa. Ana ɗaga murfi warin fumfuna ya buge mu. A ƙarƙashin tsofaffin riguna muka tarar da gafaka guda, fatar ta yi baƙi don tsufa, a cikinta kuwa Alƙur'ani ne rubutun hannu. Rabinsa lafiya lau. Sauran rabin danshi ya manne shi ya zama dunƙule guda, gara kuma ta ci gefen kusan izu biyu. Wani jikan mamacin ya ɗaga falle ɗaya wajen hasken taga, sai ya ce, "Baba, ai akwai wata a cikin takardar nan." Muka karɓa muka duba. Gaskiyarsa ne: jinjirin wata har uku a jere, babba, matsakaici da ƙarami, a cikin jikin takardar, ba a kanta aka zana su ba.

Ranar dai babu wanda ya iya gaya wa yaron ko mene ne wannan. Abin ya ba mu kunya. Shi ya sa muka koma wajen dattawanmu da malamanmu, muka haɗa da abin da ke rubuce, don mu kawo wa masu karatu tarihin kayan aikin da kakanninmu suka yi rubutu da ado da su a nan kudu, da yadda suka yi shi da ɗan abin hannunsu.

Yadda aka zo

Hausawa sun daɗe a Ibadan kafin a yi Sabo, suna sauka a gidajen Yarbawa a cikin gari. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan daga Legas a 1901, layin dogo ya kai Kano a 1911, a 1916 kuma aka keɓe mana wannan unguwa. Shanu na saukowa, goro na hawa, masu gida suna sauke baƙi, dillalai suna shiga tsakani. Duk inda fatake suka yi zango kuwa malami yana nan tafe, domin ba a ɗaura aure, ba a raɗa suna, ba a yi wa gawa sutura sai da shi. A farkon shekarun 1950 ɗarikar Tijjaniyya ta yi ƙarfi a unguwar, aka kuma soma sallar Juma'a a masallacinmu. Bature Abner Cohen, wanda ya zauna cikinmu a 1962 da 1963 ya fitar da littafinsa a kan Sabo a 1969, ya yi bayani sosai a kan matsayin malamai a rayuwar unguwar.

To, malami ya iso da iliminsa a ka, amma kayan aikinsa ya baro su a arewa. Aduwa da bagaruwa da itatuwan ƙaro duk na busasshiyar ƙasa ne, ba su son ruwan kurmi. Don haka hanyar da goro ya bi ya hau, ita kayan rubutu suka biyo suka sauko. Dattawa sun ce in mai rakiyar shanu zai taso, akan yi masa sautu: ƙullin ƙaro, buhun bagaruwa, damin gamba, da alluna a ɗaure da igiya. Ba kasafai ake biyan ladan dako ba. Addu'ar malam ita ce ladan.

Takarda mai wata uku

Mu koma ga tambayar yaron nan. A da can ba a yin takarda a ƙasar Hausa, shigo da ita ake yi. Mafi yawan wadda malamanmu na ƙarni na 19 suka yi aiki da ita daga arewa maso gabashin Italiya ta fito, kuma gidan Galvani na cikin fitattun masu yin ta. Wata ukun nan tambari ne da ake sakawa tun takarda tana jiƙe, an yi shi ne don kasuwannin ƙasashen Musulmi. Jirgin ruwa ya kai ta Tarabulus ko Masar, raƙuma su ratsa Sahara da ita har Kano. Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851, ya kuma lissafa takarda mai alamar wata uku cikin hajar da ake kawowa daga arewa. Kun ga ke nan fallen da ke hannun yaron ya ƙetare teku da hamada, ya sauka Kano, sannan ya biyo wani bawan Allah har Sabo.

Abin da ya sha wannan tafiya ba ya arha, shi ya sa ba a wasa da shi. Yaro ba ya taɓa takarda sai hannunsa ya faɗa a allo, don allo ana wankewa a sake, takarda kuwa sau ɗaya ce. Babban falle a ninka shi a yanka daidai, ba a zubar da ko ɗan yatsa. Gefen shafi nan ake rubuta sharhi, bayan littafi nan ake rubuta ranar haihuwa da bashi da fa'ida. Ko layi ba a ɓata tawada wajen ja: akan ɗaura zare jere-jere a jikin kwali, a ɗora takarda a danna da yatsa, sai sawun zaren ya fito. Kwali ɗaya ya ishi Alƙur'ani sukutum.

Daga tsummokara ake yin waccan takarda, shi ya sa take shekara ɗari ba ta karye ba. Ta littafin makaranta ta yanzu kuwa daga itace ce, 'yan shekaru kaɗan sai ta yi ja ta soma marmashewa.

Tawada biyu, aiki biyu

Kakanninmu ba su haɗa tawadar allo da ta takarda. Ta allo ita ce zuge. A ƙona itace ya zama gawayi, a niƙe shi lukui, a tankaɗe, a jiƙa ƙaro ya narke, a dama su tare a tace a zuba a kurtu. Ƙaron shi ke riƙe baƙin a jikin allo, amma da ruwa ya taɓa shi sai ya saki. Abin da ake so ke nan, tunda gobe za a wanke a ɗora sabon karatu.

Ta takarda ita ce yambari. Bagaruwar nan da majema ke jima da ita, ita ake dakawa a jiƙa a tafasa, a jefa kashin maƙera ko tsohon ƙarfe mai tsatsa a ciki, a bar shi ya kwana biyu, a tace a sa ƙaro kaɗan. Lokacin da ake rubutu sai ka ga kamar ba ta kama ba, amma tana shan iska tana ƙara duhu, tana shiga jikin takarda. Sai dai fa in ƙarfe ya yi yawa, da tafiya ta yi nisa ita da kanta take cinye takardar, ka ga harafi ya zama huda. A nan ake gane gwanin haɗi.

Launuka ma kowane da aikinsa. Baƙi na baƙaƙe ne, ja na wasali, rawaya da kore kuma na rarrabe hamza da alifin da ake sadarwa, bisa tsarin rubutun ruwayar Warshu da muka gada. Ja daga jar ƙasa mai laushi ake samunsa, a wanke ta a tace a sa ƙaro. Alƙalami kuwa karan gamba ne, a fiƙe shi da aska a tsaga bakinsa. In ya dakushe a sake fiƙewa, har sai ya gajarce ya fi ƙarfin riƙo.

Zayyana da gafaka

Inda duk kayan nan ke haɗuwa shi ne allon sauka. Itace, farar ƙasa ko farin fenti a share fage, tawada kala-kala, wani lokaci takarda a manne a fuska, sannan baduku ya naɗe marikin da jar fata ya yi masa tunti. A tsakiya a rubuta Fatiha da farkon Baƙara, kewaye kuma zayyana ce: murabba'i cikin murabba'i, da'ira, saƙa irin ta tabarma, ba hoton mai rai. Da zare da ƙusa ake fitar da da'ira, ko da bakin kofin shayi. Ranar walima ɗalibi ya riƙe shi ya karanta a gaban jama'a, daga nan a zaga da shi gidajen dangi ana yi masa barka.

Alƙur'anin hannu shi ma ba a ɗinke shi. Falle-falle yake, a ƙasan shafi an rubuta kalmar farko ta shafi na gaba don kada a rikice. Wannan ma tsimi ne: ɗalibai goma sa iya raba littafi ɗaya, kowa ya ɗauki izunsa ya je ya kwafa a allo. A sa shi tsakanin tadarishi, a ɗaure da tsirkiyar fata, a zura a gafaka a rataye.

Dabarun zaman kurmi

Da sautu ya yi jinkiri, ai ba a zauna ba. Baƙin gindin tukunya da hayaƙin fitilar aci-balbal suka maye gurbin gawayin aduwa. Tsofaffin ƙusoshi suka maye gurbin kashin maƙera. Bular wanki ta ba da shuɗi, galurar masu rini ta ba da ja da kore. Kwalin sukari da na sabulu, in an manna biyu ko uku da kokon rogo aka lulluɓe da fata, sun zama tadarishi, har yau in ka buɗe cikin wasu za ka ga sunan kamfani. Kwalbar turare ta zama kurtu. Ragowar fatar da dukawa suka yanke, da ita ake yi wa allo mariƙi. Kafintocin Yarbawa maƙwabtanmu suka koyi yanka allo da katakon da ke nan.

Abu ɗaya ne dabara ba ta gama da shi ba, wato danshi. A arewa rani ya fi damina tsawo, a nan kuwa ruwa kan ɗauki wajen wata bakwai. Ƙaro yana shan danshi ya yi danƙo, shafi ya kama shafi. Tsofaffin malamai sun san haka, shi ya sa suke rage ƙaro a tawadar takarda, suke rataye gafaka nesa da bango, in hunturu ya shigo kuma su baje littattafai a inuwa su sha iska. Wannan al'adar ce ta mutu tare da su, sakamakonta kuwa shi muka gani a adakar nan.

Daga baya injin bugu ya zo ya sauƙaƙa komai. Aka riƙa ɗaukar hoton rubutun gwanaye irin su Sharif Bala na Gabari a Kano ana bugawa da yawa, talaka ya samu Alƙur'ani da rubutun da ya saba. Alheri ne babba. Amma daga nan masu haɗa yambari suka yi ta raguwa, biro da tawadar kwalba suka karɓe wuri. Yau in yaro zai yi sauka, uba ya aika Kano ko Zariya a sayo allo, ko a buga zane a kwamfuta a manna da gam, kuɗi masu yawa su tafi, bayan shekara biyu kuma ya ɓamɓare.

Abin da ya rage gare mu

Na farko, duk gidan da ke da adakar malam, don Allah a buɗe ta hunturun bana. Kada a shanya takardu a rana, a inuwa za a baje su. Kada a sa su a leda, don leda tana tsare gumi. Kada a liƙa yagewa da salatif, kada kuma a kai a rufe su da roba a wajen masu kwamfuta, wannan kashe su ne. Abin da ya manne kada a ɓamɓare shi da ƙarfi. A naɗe da farin ƙyalle mai tsabta, a ɗora a sama, a ɗauki hoton kowane shafi da waya bisa jerinsa. Muna da sa'a kuma, Jami'ar Ibadan na kusa da mu, tun shekarun 1950 ɗakin karatunta ke tara rubuce-rubucen Larabci na hannu, a 1964 kuma aka buɗe cibiya ta musamman don wannan aiki. Neman shawarar masana ba ya nufin rabuwa da gado.

Na biyu, 'yan dattawan da suka rage masu sanin haɗin tawada da zayyana, kada mu bari su tafi da shi. Kowace makarantar allo ta ware yammacin Alhamis ɗaya a wata. Kayan duka nawa ne? Gawayi yana murhu, ƙusa tana bola, kwali yana shagon kowa, ƙaro da bagaruwa kuma suna wajen masu kayan ƙoli. Yara su soma gwaji a bayan tsohuwar kalanda, in hannu ya faɗa su hau allo. Wanda ya ƙware ya samu sana'a, domin sauka ba ta ƙarewa a Sabo, haka a Shagamu da Agege.

Yaron da ya ga watan nan mun koma mun ba shi amsarsa. Rabin Alƙur'anin kakansa da ya tsira yana naɗe a ƙyalle a saman kabad, shi kuma yana izu na arba'in, ya ce allon saukarsa da hannunsa zai zana. Allah Ya nuna mana, Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa ladan abin da suka rubuta ya riske su. Amin.