Yadda Turancin Mahukunta ke Kauce wa Kalmar Ƙarya

Ƙa'idar majalisar wakilan Birtaniya ta hana ɗan majalisa ya kira takwaransa maƙaryaci a zaure. A watan Yulin 2021 an umarci 'yar majalisa Dawn Butler ta fice saboda ta ƙi janye wannan kalma da ta jefi Firayim Minista Boris Johnson da ita. A Yunin 2023 kuma wani kwamitin majalisar da ya binciki abin da Johnson ya faɗa game da shagulgulan da aka yi a ofishinsa lokacin kullen korona, ya same shi da laifin "ɓatar da majalisa da gangan".

Wannan ladabi ya daɗe. A 1906 Winston Churchill ya ce kiran aikin 'yan ƙwadagon Sin a Afirka ta Kudu bauta "rashin daidaiton lafazi" ne. A 1986, a wata kotu a Sydney, sakataren majalisar ministocin Birtaniya, Robert Armstrong, ya amsa a gaban lauya Malcolm Turnbull cewa wata wasiƙa da ya rubuta tana iya ruɗar mai karatu, amma ya ce "tsimin gaskiya" aka yi a cikinta. Duk waɗannan kalmomi aiki ɗaya suke yi. Suna janye hankali daga tambayar ko abu ya auku, su mayar da shi kan niyyar mai magana, wadda ba mai iya leƙa ta.

Ba a rasa hikima a nan ba. Mutum biyu na iya ganin haɗari ɗaya su ba da labari mabambanta ba tare da ɗayansu ya ƙaga komai ba, kuma malaman hadisi tun da can sun raba maƙaryaci da mai raunin hadda. Harshen da ya iya faɗin wannan bambanci ya cancanci yabo.

Matsalar ita ce wanda ake yi wa wannan sassauci. Bayan turmutsutsun filin ƙwallo na Hillsborough a Sheffield, ranar 15 ga Afrilun 1989, an ɗora laifi kan magoya bayan Liverpool da kalmomi masu kaushi: mashaya, masu kutse. Jaridar The Sun ta buga zargin ƙarƙashin kanun da ke cewa wannan ce gaskiya. Sai a 2012 kwamiti mai zaman kansa ya gano cewa an sauya bayanan 'yan sanda 164, an cire abin da ke sukar rundunar daga 116 cikinsu. A takarda, "gyara" aka kira wannan aiki. A 2016 masu taya alƙali hukunci suka wanke magoya bayan, suka ce mutuwar waɗanda turmutsutsun ya halaka kisa ne ba bisa doka ba.

Don haka ina kira ga masu fassara labaran Turanci zuwa Hausa: idan kun ci karo da "saɓanin bayanai", ku bincika ko ɗaya daga cikin ɓangarorin shi ke riƙe da takardun, kuma ku gaya wa mai karatu.