Daga Zauren Fatoma Zuwa Gidan Haya

Tun kafin a san karɓar kuɗin haya a ƙasar Hausa akwai masu cin abinci da gidajensu, su ne fatomai. Idan ayari ya iso Kano daga Agadas ko Gwanja, kowane falke ya san ƙofar da zai dosa. A gidan fatomansa zai sauke kaya, a ɗaure masa jakuna ko raƙuma, a kawo masa tuwo safe da dare, kuma ba wanda zai yi masa zancen kuɗin ɗaki. Ribar fatoma tana cikin ciniki. Shi ke haɗa baƙonsa da mai saye, ya tsaya a tsakani idan an ba da kaya bashi, ya ajiye masa dukiyarsa, sannan ya ɗebi la'ada. Fagge, da ke bayan ganuwar birni, ta daɗe tana saukar baƙi a kan wannan tsari.

Saboda haka darajar gida a wancan zamani tana ga irin baƙin da yake jawowa: kusancinsa da kasuwa, faɗin filin dabbobi, amincin ɗakin ajiya, da sunan mai gidan wajen riƙon amana. Fatoman da ya ci amanar baƙo ɗaya, labarinsa zai riga baƙon isa zango na gaba.

Hausawa sun tafi da sana'ar duk inda fatauci ya kai su, daga zangon Kumasi zuwa unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916. Masanin nan Abner Cohen, da ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya nuna cewa cinikin shanu da goro kacokan yana hannun masu gidaje ne. Mai gida yakan mallaki gidaje da dama, wani na iyalinsa, wani na baƙi, wani na yaransa dillalai, kuma yawan ɗakunansa shi ke iyakance yawan fataken da zai iya riƙewa. Wanda ya samu riba, gida yake ƙarawa.

Jirgin ƙasa ne ya sauya lissafin. Layin dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ga wasu irin baƙi da ba su zo da kayan sayarwa ba: akawuna, ma'aikatan jirgi, kafintoci da magina daga kudancin Najeriya, Gana da Saliyo. Fatoma ba shi da la'adar da zai ɗiba a wurin mai albashi. Turawan mulki suka yanka musu Sabon Gari wajen 1913, filaye a jere, tituna a miƙe. Wanda ya samu fili sai ya zuba ɗakuna kewaye da tsakar gida, madafa ɗaya, bayi ɗaya, ya zauna a wani sashe ya ba da sauran haya. Albashi wata-wata ake biya, haya ma ta bi sahu. Daga nan ɗaki ya zama haja mai farashin kanta.

Doka ma ta shigo. A 1910 Turawa suka sanya ƙasar Arewa baki ɗaya a ƙarƙashin ikon gwamna, mai fili ya zama mai izinin zama. Dokar ƙasa ta 1978, ta zamanin Janar Obasanjo, ta shimfiɗa irin wannan tsari a duk Najeriya: filin birni yana hannun gwamnan jiha, shi ke ba da takardar mallaka, galibi ta shekara 99, kuma sai da yardarsa ake sayarwa ko jinginarwa. Shaidar mai unguwa da maƙwabta, wadda a da ta wadatar, ta koma buƙatar takarda a bayanta.

Mai son shiga harkar gidan haya a yau ya gaji zamunan nan duka. Zai tambayi dillali takardar fili, ya bincika ko gidan gado ne da ba a raba ba, don sa hannun magaji ɗaya ba ya ɗaure sauran. Zai raba kuɗin gidan da hayar shekara: gidan naira miliyan 30 da ke kawo miliyan 2 sai ya shekara 15 kafin ya mayar da uwar kuɗi, ban da gyaran rufi, la'ada da watannin da ɗaki zai zauna babu kowa. Sannan zai duba su waye masu neman wurin, 'yan kasuwa ne, ɗalibai ko ma'aikata. Wannan lissafin ne ya mayar da tsofaffin gidajen Kwarori na Fagge ta Kudu rumfunan Kantin Kwari, inda a yau ake rushe gida a tayar da bene mai shaguna hawa-hawa saboda masu atamfa da shadda.